Koren Fenti a Tagar Goggo

Ranar da Alhaji Sani Dabo ya sakar wa ɗansa Tawfiƙ gareji, har kajin gidan sai da suka san an yi sabon shugaba. Tun da hantsi aka kafa tsani, aka sauke tsohon allon da tsatsa ta cinye, aka ɗaga sabo mai ruwan ɗorawa wanda ana hango shi daga bakin titin Zongon Wagadugu. Tawfiƙ yana ƙasa cikin farar rigar aiki da ba ta taɓa ganin baƙin mai ba, yana ta ihu: "Hagu! A'a, dama! Wala, nan, kar ku motsa!" Wata uku ya yi yana zuwa wani kwas a unguwar Gounghin inda ake koyar da tafiyar da gareji, ya dawo da takarda mai hatimi da baki cike da sababbin kalmomi.

Ya jera ma'aikatan nan shida a gabansa kamar sojoji.

"Daga yau tsari za a bi," in ji shi. "Wannan ya buga inda ya lotsa, wannan ya shafa mastik ya cike ramukan, wannan ya goge, Tonton Rasmane ya fesa. Mota ta shigo Litinin, ta fita Alhamis. Kuma duk wanda ya riƙe aikinsa, hanya a buɗe take. Mai goga ya zama mai gyaran jiki, mai gyaran jiki wata rana ya zama shef, shugaba kenan." Ya ɗan tsaya. "A wani garejin fa, ba nan ba."

Aka fashe da dariya. Kafin dariyar ta lafa sai ga guɗa ta tsaga gidan daga can ƙurya. Goggo Indabo ce, yayar Alhaji, wadda ta goya Tawfiƙ a bayanta har ya yi wayo. Ta fito tana rangaji, zani a ɗaure sama.

"Ina shef ɗin? Ina shef ɗin da na wanke wa gindi? Zo nan in taɓa rigar, ko ni ma na samu tubarraki!"

"Goggo, a gaban ma'aikata?"

"Su ma an wanke musu!"

Ta cusa masa farin goro a aljihun gaba, ta yi masa addu'a har sai da muryarta ta dushe. Goro shi ne sana'arta, irin ta kakanni. Ta sari kwando, ta zauna a ƙofar ɗakinta ta tsince, ta yayyafa ruwa, ta lulluɓe da ganye, mata masu talla su zo su ɗiba. Ɗakin guda ne, na ƙarshen gida, wanda ubansu ya nuna da hannunsa ya ce nata ne.

Addu'ar ba ta kwana ba. Da la'asar wata mata ta sauko daga mota, gilashi a goshi, mabuɗai na kaɗawa a yatsa.

"Bon, wane ne shef a nan?"

Tawfiƙ ya kusa faɗuwa garin tashi daga kujera.

Sunanta Madam Zalissa. Tasi goma sha biyu gare ta, duk sun koɗe, wasu sun koma launin miyar kuka da ta kwana. Tana son a buga musu jiki, a mayar musu da koren tasin Wagadugu. "Kore mai ƙyalli," in ji ta, "wanda fasinja zai duba haƙoransa a jikin ƙofa. In aikin ya yi, ina da ƙawaye."

Da ta tafi, Tawfiƙ ya zagaye gareji da gudu sau biyu. Alhaji ya sa aka sayo gasasshen nama. Ruƙayya, ƙanwar Tawfiƙ, ta bar keken ɗinkinta ta zo ta ɗauke shi hoto a jingine da sabon allo, sannan a zaune, sannan yana yi kamar yana amsa waya.

Tonton Rasmane, wato kawu Rasmane, shi kaɗai ne bai yi tsalle ba. Shekara ashirin yana fesa fenti a garejin nan, ya san halin abinsa. Ya ce fenti maƙiya biyu gare shi, ƙura da iska, kuma inda suka saba fesawa ya yi kusa da titi. Babur ɗaya ya wuce, aikin yini ya lalace. Mota ɗaya a wata, ana lallaɓawa. Goma sha biyu a jere kuwa, sai wuri mai kariya.

Tawfiƙ ya zagaya yana auna ƙasa da taku, har ya kai lungun da ke tsakanin bangon gareji da bayan gida. Bango hagu, bango dama, ba iska, ba titi. Mota ɗaya cif.

"Wala! Allah ya gina mana tun kafin a haife ni!"

Rasmane ya ɗaga kai ya dubi wata 'yar taga a bangon dama. "Shef, wannan fa ta Yaaba ce." Haka yake kiran Goggo, wato kaka da yaren Mosi.

"Taga ce kawai, Tonton. Ba a ciki za mu faka motar ba."

Aka rufe saman lungun da tamfol, aka saki wani a baki kamar labule, aka jawo kwamfureso, injin tura iskar feshi. Duk wata kafa an toshe ta saboda ƙura. Kafa ɗaya ta rage a lungun nan, ita ce tagar Goggo Indabo.

Da sassafe ake feshi, bayan sallar asuba, kafin babura su tada titi. Lokacin ne kuma Goggo ke buɗe taga ta zauna lazimi tana shan 'yar iskar da ake samu kafin zafin Afrilu ya sauko. Ranar farko, aka jiƙa ƙasa da ruwa, kwamfureso ya ɗauki ruri, Rasmane ya ɗaure tsumma a hanci ya danna pistole, bindigar feshi. Awa ɗaya aka yaye labule. Tasin farko ta fito tana sheƙi kamar ɗanyen barkono. Bayanta sai ga farar kazar Ruƙayya, wadda ta kwana a ƙarƙashin motar ba wanda ya sani, ta fito tana tafiyar sarauta, koriya shar tun daga tukku har wutsiya.

Ranar nan ba a yi aikin kirki ba. Ma'aikata suka bi kazar da wayoyi. Kafin azahar bidiyon ya zagaye Zongo, ya kai babbar kasuwar Rood Woko, wani ɗan'uwa a Kumasi ya bugo yana tambaya ko ta sayarwa ce. Goggo ta fito tana dariya tana tari, ta fyace hanci a gefen mayafi, ta duba, ta ɗaga kowa ya gani.

"Jama'a, ni ma na zama tasi! Saura a liƙa mini lamba. Wa zai je Tanghin? Mutum biyu gaba!"

Dariya ta ƙaru. Tarin ne bai tsaya ba. Rasmane ya shiga shagon kusa ya fito da gwangwanin madara biyu, ya huda su da ƙusa, ya miƙa mata ɗaya.

"Yel ka be, Yaaba, ba matsala. Duk mai fenti ya san wannan. In ka gama feshi ka sha madara, sai ta wanke ƙirji tas. Maigidana da ya koya mini haka yake yi, nasa maigidan ma haka."

"Suna ina yanzu?"

"Sun rasu."

"To madalla," in ji Goggo, ta kafa kai ta shanye.

Tawfiƙ ya ji daɗin wannan magani ƙwarai. Ya ciro alli ya rubuta a allon tsarinsa, ƙarƙashin mastik da takardar goga: madara, Rasmane ɗaya, Goggo ɗaya. Ya ce wannan shi ake kira kula da lafiyar ma'aikata, an koya musu a sati na bakwai.

Tasi ta biyu ta fita, ta uku ta fita. Kowacce ta fito sai an yi mata hon, direbanta ya zagaye unguwa da ita yara na bi. Kowace safiya kuma akwai gwangwani a ƙofar Goggo. Farin gidan sauronta ya koma kore. Butarta, tasbaharta, allurar da ta soke a jikin labule, komai ya yi wani laushin gari-gari wanda in ka shafa sai ya biyo yatsa. Tarin da ke zuwa da safe ya fara kaiwa azahar, daga baya ya daina tafiya.

Ranar tasi ta biyar, Fatimatu mai talla a bakin kasuwa ta dawo da goron jiya a ƙulle.

"Goggo, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. Wani Alhaji ya ɓara ya tauna, ya ce in gaya masa gaskiya, a tankin mota nake ajiye shi?"

Goggo ta ɓara ɗaya ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa. Goro abu ne mai shan iskar inda yake, kuma wannan ya sha dilwan, ruwan da ake tsinka fenti da shi, har cikin zuciya. Ta canza ganye, ta wanke kwando, ta mayar da shi ƙarƙashin gado ta rufe da bargo. Fatimatu ta ƙara zuwa sau ɗaya don kunya. Sauran matan ko sallama ba su yi ba, suka koma wajen wata a layin baya.

Da aka gaya wa Tawfiƙ, ya buga goshi. "Ai da an faɗa mini tun farko! Shef aikinsa warware matsala." Ya zo da kansa da leda mai kauri da ƙusoshi, ya toshe tagar daga waje, ya ja baya ya duba aikinsa. "Wala. Minti biyar."

Ledar ta hana iska shiga. Warin kuwa ya bi ta ƙarƙashin kwanon rufi ya shigo abinsa, ya rasa ta inda zai fita. Da rana ɗakin ya zama tanda. Goggo ta koma kwana a zaune, bayanta a bango, don in ta miƙe sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Tawfiƙ ya kawo mata takunkumin hanci da ya rage tun zamanin korona. Ta sa don kar ransa ya ɓaci. Da ta cire, cikinsa ma kore ne.

Ruƙayya ce ta fara daina dariya. Ta same shi a biro, wato tebur da fanka da aka killace da katako a bakin gareji, yana magana da waya biyu.

"Yaya, a matsar da feshin nan."

Ya nuna mata allo da haɓa. "Kin ga wannan? Layi ne. Ta takwas na wajen mastik, ta tara na wajen bugu. In na tsaya kwana ɗaya, duk ya rushe."

"Ƙirjin Goggo a wane layi yake?"

"Ga shi nan a rubuce, madara. Yau ma biyu na sa a ba ta."

"Ka ji yadda take numfashi? Kamar ana busa sarewa."

"Ruƙayya, saura biyar. Biyar kacal! Kin san abin da ke zuwa bayan biyar ɗin nan? Ma'aikata goma sha biyu. Injin ɗaga mota. Ke kanki zan ba ki ɗinkin rigunan aiki, da sunan gareji a baya. Goggo kuwa, wallahi sai na sa mata tayil a ɗaki, da fanka mai remot." Wayarsa ta yi ƙara. "Alo, wi Madam! Wi, wi!" Ya yi mata hannu ta tafi.

Ta wuce wajen Alhaji. Yana ƙofar gida a kan tabarma, inda tun da tasin suka fara fita yake karɓar barka daga masu wucewa kamar wanda ya dawo daga Makka.

"Baba, fentin nan zai kashe Goggo."

"Subhanallahi! Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Tarin tsufa ne. Ni nan shekara talatin ina shaƙar fenti, ga ni garau." Tari ya sarƙe shi, ya yi ta yi har hularsa ta karkace. Ya gyara ta. "Wannan na fanka ne."

"Baba..."

"Tsaya. Yaya Indabo ta aiko ki? Ta ce da bakinta a daina?"

"Ba ta ce ba."

"To. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke da ba ki kwana ciki ba, kin fi ta sani?"

Ruƙayya ta koma ɗakin Goggo a fusace. "Ki yi magana mana! Kalma ɗaya za ki faɗa, Baba ba zai iya tsallake ta ba."

Goggo ta jira numfashi ya dawo mata. "Yaro ya fara ganin rana, ni in zama girgije? Gobe a ce tsohuwa ta zauna a kan arzikin ɗan ƙaninta. Ba da ni ba." Ta yi murmushi. "Kin gan shi jiya da waya biyu? Kamar minista. Saura nawa?"

"Biyar."

"Na iya biyar."

Ɗaya ta iya. Safiyar tasi ta tara, ma'aikata sun ƙure rediyo, kwamfureso na ruri, wani na bin kiɗan da guduma a jikin ƙofar mota. Daga baya ɗayansu ya ce lalle ya ji ana buga bango ta ciki, ƙwan-ƙwan-ƙwan, amma ya ɗauka Goggo ce ke taya su kiɗa, don takan yi. Da Ruƙayya ta kawo koko, ta same ta kwance a bakin ƙofa, rabin jiki a waje, kofin silba a hannu duk ya lotse, baki a buɗe tana neman iska kamar kifin da aka jefa kan tudu.

Motar da ke tashi a garejin a lokacin ɗaya ce, tasi ta goma, jikinta duk dabbare-dabbaren mastik, ba ƙofa a gefe guda. Ita Rasmane ya ja. Ruƙayya ta rungume Goggo a baya, ƙafa ɗaya a tokare don kar su zubo, mutanen titi na nuna su suna dariya don ba su san abin da ke ciki ba.

A asibiti aka sa mata robar iska. Da ta ɗan dawo, likita ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya dubi cikin hancinta, ya tambaya ko a masana'anta take aiki. Ruƙayya ta ba shi labarin taga. Rasmane ya matso, hula a hannu.

"Dokta, ba mu yi sakaci ba. Kullum tana shan madara."

"Madara?"

"Don ta wanke ƙirji."

Likita ya ajiye abin sauraronsa. "Madara abinci ce, ba sabulu ba. Ciki take tafiya. Fenti kuwa huhu yake tafiya. Hanyarsu ma ba ɗaya ba ce."

Rasmane ya dubi hannayensa, koren da ya zauna a gefen kowane farce. "Shekara ashirin ina sha."

"Kai ma ka dawo in saurari naka." Ya juya wajen Ruƙayya. "Ki gaya wa mutanen gidanku, ɗayan biyu ne. Ko fenti ya bar tagar nan, ko ita ta bar ɗakin. In ni za a tambaya, fenti ya fi sauƙin ɗauka."

Ruƙayya ta dawo gida da la'asar da maganar nan a bakinta kamar garwashi. Ba ta san cewa da hantsi Madam Zalissa ta zo ba. Ta zagaye tasi ta tara, ta bi bonet da farce, ta tsaya a kan wasu 'yan ƙurajen ƙura guda uku. Ta ce aikin ya yi, ba laifi, kuma ƙawayenta suna da tasi talatin. Sai dai su kabin suke so, ɗaki rufaffe na feshi mai ƙofa da fitilu, irin na manyan gareji, ba tamfol ba.

Aka zauna a tsakar gida, Alhaji da Tawfiƙ da Ruƙayya. Tawfiƙ idonsa ya yi ja, da gaske ya yi kuka. Ruƙayya ta maimaita maganar likita kalma bayan kalma. Tana kaiwa ƙarshe ta ga fuskar yayanta ta canza. Ya miƙe a hankali. Ya dubi ɗakin Goggo, ya dubi inda lungun yake a bayansa, leɓɓansa na motsi. Taku yake ƙirgawa.

"Likita da kansa ya ce ta bar ɗakin," in ji shi.

"Cewa ya yi ko fenti..."

"Lafiyarta ce gaba da komai, Ruƙayya! Ɗakin nan ya riga ya sha fenti. Ko yau aka daina, warin na nan a bango. Kina so ta dawo ta kwanta a ciki? Ke ba ki da tausayi?"

"Ni ce ba ni da tausayi?"

"Tanghin!" in ji Alhaji, ya tafa hannu, fuskarsa ta washe kamar an sauke masa kaya. "Gidan Maimunatu, ɗiyar ƙanwarmu. Bakin ruwa, ga lambu, ga iska. Ta daɗe tana cewa a kawo mata Yaya ta kwana biyu. Kai, Allah mai hikima!"

"Baba, ɗakinta ne. Kaka ya ba ta."

"Wa ya ce ba nata ba ne? Hutu za ta je. Sati biyu."

Kwana huɗu Goggo ta yi a asibiti. A cikin kwanakin nan aka gama sauran tasin, tunda ba kowa a ɗakin. Da ta dawo aka tarbe ta da shinkafa da kaza, aka gaya mata labarin Tanghin baki uku-uku, kowa na ƙara wa iskar can daɗi. Ta saurara har suka gama. Sannan ta dubi ƙaninta.

"Sani. Sati biyu?"

"Sati biyu, Yaya, in Allah ya yarda." Tasbaharsa yake kallo.

Aka yi mata rakiya irin ta amarya. Tasi ta goma sha biyu, wadda ko fasinja ba ta taɓa ɗauka ba tun da aka fesa ta, ita aka kawo ƙofar gida. Ma'aikata suka jeru suna tafi. Tawfiƙ ya buɗe mata ƙofar gaba ya rusuna har ƙasa, ya ce, "Madam la Direktris!" Ta kai masa duka da mafici tana dariya. Ƙullin kaya ɗaya ta ɗauka. Ta ja ƙofar ɗakinta, ta sa sabon kwado da ta aiki Ruƙayya ta sayo, ta ja shi sau biyu ta tabbatar, ta ɗaure mabuɗin a bakin zani. Direba ya danna hon, wasu tasi biyu suka amsa, suka ɗauki hanya.

Magina uku suna zaune a lungun tun safe, a bayan tamfol. Ba su bi ta ƙofa ba. Motar ba ta kai kwanar masallaci ba suka fara fasa bangon ta wajen taga.

Yau duk wanda ya bi ta layin nan zai ga kabin ɗin Garejin Dabo, fari fat, fitilu a jere, da babbar fanka mai zuƙe warin ta tura shi sama. Ashe akwai irin wannan fanka, kuma ba ta gagari gidan ba. Ma'aikata sun kai goma sha huɗu. Iyaye na kawo 'ya'yansu su koyi aiki, ana cewa ku dubi Tawfiƙ, yaro da tsari. Masu kwas ɗin Gounghin sun gayyace shi ya yi wa sababbin ɗalibai bayani a kan yadda ake faɗaɗa gareji ba tare da sayen fili ba. Gadon Goggo da kwandunanta suna cikin sito, an rufe da tsohon tamfol. Ta tsakar gida kuwa ƙofarta na nan yadda ta bar ta, da kwadonta, sai dai bayan ƙofar bulo ne. In baƙo ya tambaya, Alhaji ya ce ta je shan iska. Tawfiƙ ya ce yana nan yana shirin gina mata wanda ya fi shi, da zarar aiki ya lafa. Ba wanda ya kore ta. Kowa a gidan zai iya dafa Alƙur'ani a kan haka.

Ruƙayya ce ke hawa babur duk Juma'a ta je Tanghin. Takan sami Goggo a gindin mangwaro kusa da fangalin salak, tana tsince wa Maimunatu yakuwa, don hannunta bai iya zama haka nan ba. Sarewar ƙirjin ta ragu, ba ta tafi ba. A ɗakin yara take kwana, a kan tabarma, tana naɗe ta da asuba kafin su tashi. Kowace Juma'a, bayan gaisuwa, tambayar ɗaya ce.

"Fentin ya ƙare?"

"Saura kaɗan, Goggo."

Juma'a ta goma sha uku, Goggo ta yi tambayarta. Ruƙayya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan yakuwar.

"Kar ki jiƙa mini ganye," in ji Goggo. Ba ta daina tsinka ba. "Ƙirjina ne ya lalace, 'yar nan, ba kunnena ba. Na ji gudumar farko tun ba mu sha kwana ba. Direban ma ya ji, shi ya sa ya ƙara rediyo."

"To me ya sa kike tambaya?"

"Ina so in ga wa zai zo ya faɗa mini. Ƙanin da na ba nonon uwarmu na haƙura, ko yaron da na goya." Ta jefa ganye a kwano. "Ke ba ke kika fasa ba, ba bakinki nake jira ba. Ki koma ki ce ina gaishe su. Ki ce na tambaya ko fentin ya ƙare."